Hannun da Ke Amsa Sallama

Tunda aka hana ɗan'adam kallon wutar walda, kowane shago a kasuwar maƙera ta Panteka ya samu hannun ƙarfe mai yin walda. Malam Barau shi ya haɗa nasa da injin tsohon keken ɗinki, ya yi ta riƙe shi yana walda da iskar argon har ya koyi tafiyar hannunsa.

Dije mai nono ta zo karɓar tulunanta na silba cikin fargaba, don na bara da ta saya a wani wuri yoyo suka yi.

"Salamu alaikum!"

Wutar ta mutu. Hannun ya ɗaga, ya ɗan rusuna, ya koma aikinsa.

Dije ta tuntsire da dariya. "Malam, har gaisuwa ka koya masa?"

"Ina! Ina riƙe da shi mutane ke sallama, in tsaya in amsa. Ya ɗauka cikin aikin ne."

Barau ya cika tulu da ruwa ya girgiza, ko ɗigo bai fita ba. Waldar ta jeru kamar kitso. Dije ta rangaɗa guɗa.

"Ga idona ya washe tunda na daina kallon wuta," in ji Barau. "Ashe mayafin nan naki shuɗi ne!"

Tana ɗaukar tulunan, wutar ta sake mutuwa. Hannun ya rusuna wa ƙofa, alhali babu kowa.

"Wa ya yi sallama, Malam?"

Barau ya yi murmushi. "Abokina Jatau, Allah ya jiƙansa, war haka yake wucewa kullum ya yi mini sallama. Hannun ya riƙe lokacin." Ya juya ga ƙofar. "Wa alaikumus salam."