Kyanwar Da Ba Ta Cin Nama

Dattijon da ke maƙwabtaka da wata malama ya shigo gidanta, ko sallama bai yi ba. Ya wurgo gawar tattabara gaban malamar, fiffike ɗaya a cire.

"Aikin kyanwarki ne! Ta kusa ƙarar mini da tattabaru. Wallahi in na sake ganinta a kan katangata, guba zan sa mata."

Ran malamar ya ɓaci. Ita da ta bar cin nama tun tana budurwa don ba ta son a zubar da jinin dabba, yau ita ake jefa wa gawa a tsakar gida?

"Haba Baba, da girmanka! Kyanwata ba ta san ɗanɗanon nama ba. Da wake da kabewa na raine ta, ga ta nan ɓulɓul, gashinta sai sheƙi yake."

"Wake? Wake ne ya yi mata wannan ƙibar?"

Ta shige ɗaki a fusace don ta ɗauko kyanwar, ya ga salihar da yake yi wa ƙazafi. Ta kira, shiru. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado.

Kyanwar na kwance tana lasar baki, a kan tarin gashin tsuntsu da 'yan ƙafafu jajaye, daidai ƙarƙashin inda malamar ke ɗora kanta kullum ta yi barci hankali kwance.

Da ta fito, ba ta iya kallon idonsa ba.

"Baba, ina mahauci yake a unguwar nan?"