Takarda Mai Ɗigon Manja

Daidai danjar unguwar Ulaisha a Riyad Malama Khairat ta sake zaro takardar nan mai ɗigon manja. Salissou direba ya rage rediyo. Wata guda ke nan, duk safiya in zai kai ta makarantar da take koyarwa, sai ta yi bitar darasi da ƙarfi, ƙatuwar rula da kamfas suna leƙowa daga jakarta.

Wai wasu mawaƙa ne aka yi a Ingila, shekara kusan ɗari huɗu baya, 'yan gayu masu soka gashin jimina a hula. Sarkinsu ya sha kaye, aka ƙwace musu gidaje, wasu har kurkuku, amma bayin Allahn nan ba su fasa waƙar soyayya ba. Maganarsu ɗaya ce: fure na yau ne, gobe ya yi yaushi. Wadda kake so, faɗa mata tun kana da haƙora.

"Marasa aikin yi," in ji Salissou. Amma ranar sai da ya wuce kwanar makarantar.

Shi fa gogan naka shekara shida yana son Hansai, yayar Malama, bazawarar da ke girki a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Shekara shida, bai taɓa wuce "Ina gajiya?" ba. Mutum ya keta cunkoson Riyad ko gezau, amma ya ga mace da ludayi sai ya ja da baya. Ga shi an buga wa Hansai huruj, bizar fita ba dawowa, ranar Alhamis sai Zariya.

Laraba da la'asar ya je kwasar mata kaya. Ya ɗaga akwati, ya ajiye, ya gyara hula. Tsoro kamar ya kashe shi.

"Hajiya, ni dai ba ni da gashin jimina. Amma in kin amince, zan turo magabatana."

Ba ta ko tambayi wace jimina ba. Ta ci gaba da ɗaure kwali. "Allah ya kawo su lafiya."

Daɗi ya kwashe shi, baki ya ƙi rufuwa. "Wallahi albarkacin ɗaliban Malama na ci. Darasinta na adabi ne ya ba ni ƙarfin hali."

Hansai ta goge manjan yatsunta da gefen zane.

"Khairat ai lissafi take koyarwa, Malam Salissou. Ni na karanta adabin Turanci, kuma wata guda ke nan ina rubuta maka darasi a kicin ɗin nan."