Guragun Ƙudajen Rauda

Kwalabe shida Rauda ta shigo da su garinsu, Babban Mutum, a nannaɗe cikin zani kamar kayan sata. Tun shigarta jami'a kakarta, Inna Shatu, ke shelanta wa maƙwabta cewa jikarta likita take karanta. Ta ina Rauda za ta fara cewa aikin da zai ba ta digiri kiwon ƙuda ne?

Ba ma ƙudan kirki ba. 'Yan mitsi-mitsin nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba, kuma guragu. Ƙwayar halittarsu guda ce ta samu tangarɗa, furotin ɗin da ke gina fiffike ya ƙi aiki, sai su fito da dungulmi, 'ya'ya da jikoki. Su malaminta, Dakta Sama'ila, ya ce ta ƙirga a hutun bazara.

Kwana uku Inna ta bankaɗo kwalaben a bayan randa. Ta ɗaga ɗaya ta ƙura ido.

"Ke ja'ira, waɗannan musakan za ki kai wa malamai?"

"Haka ake son su, Inna," in ji Rauda, kai a sunkuye.

Inna ta ce, "Uhm."

Sati biyu Rauda ta yi a Daura tana jinyar yayarta, ta bar kwalaben a hannun Inna. Da ta dawo, ɗakin na tashin warin mangwaro, audugar bakin kwalaben fara tas. Ba ta kula ba, don a ciki ƙudaje ke shawagi, kowanne da fiffikensa cikakke.

Zafi ne! Zafin garinsu ya ta da mataccen furotin. Shafi arba'in ta rubuta, karon farko da ta faɗi sunan aikinta ba ta rage murya ba.

Ranar gabatarwa Dakta Sama'ila har shugaban sashe ya gayyato. Aka yi tafi. Ya gyara gilashi ya ce, "Kira mana tsohuwar da kika ce ta kula da su, mu gode mata."

Rauda ta kira Inna, ta buɗe muryar waya don kowa ya ji.

"Ai ba komai, Malam," in ji Inna da ƙarfi. "Guragun nan tuni na watsa wa kaji. Wuni biyu na yi gindin mangwaro ina kamo mata lafiyayyu, kada a ce 'yar gidanmu ta kai wa mutane musakai."