Mai Maganin Gyambo da Fararen Ɓeraye

Tun da ka ce abin da aka gada ba ya bukatar bincike, zauna in ba ka misalin wata mata.

Mai magani ce a wani ƙauye. Ta gaji wani gari daga kakarta, ɓawon wata bishiya ne ake busarwa a daka a tankaɗe. Wanda lauje ya yanka ko ƙaya ta yi wa miki, a barbaɗa masa. Mai gyambon ciki kuwa a dama masa a kunu ya sha safe da yamma. Shekara ashirin tana bayarwa, kowa na cewa yana yi, ita ma haka ta ji daga bakin kakarta. Sai ƙaninta, wanda gyambon ciki ya daɗe yana wahalarwa, ya sha na mako biyu, ran nan ya yanke jiki ya faɗi a gona yana aman jini. Da ƙyar aka ceto shi a asibiti. Mutane suka ce barkono ne ya yi masa yawa, wasu suka ce ciwon ne ya zo da ƙarfinsa. Ita dai zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ta ƙulle garin a ƙyalle, ta hau mota zuwa birni, inda aka ce akwai jami'ar da ake gwada magunguna a kan dabbobi. Zuwan farko mai gadi ya mayar da ita. Na biyu aka ce malamar da ke wannan aiki ta yi tafiya. Na uku ta shimfiɗa mayafinta a gindin darbejiyar da ke bakin ofis, ta zauna tun hantsi har la'asar, sai da malamar ta fito. Mai maganin ta ce mata, "Ba yabo na zo nema ba, 'yata. So nake in sani ko da hannuna na kusa kashe ɗan'uwana."

Malamar ta karɓi garin. Da izinin gwaji ya fito, aka raba fararen ɓeraye kashi-kashi. Wasu aka sa musu maganin barci aka yi musu ɗan rauni a baya, rabinsu ana barbaɗa musu garin, rabi aka bar su haka. Wasu kuma masu gyambon ciki, aka riƙa ɗura wa rabinsu shi daidai nauyin jikinsu. Kowace Laraba matar na zuwa, ga damina ta ɓata hanya, wata rana sai ta ratsa rafi da ƙafa kafin ta sami mota. Ta ga raunukan da ake barbaɗawa suna haɗewa, fata na rufewa tun na sauran suna tsatsafo da ruwa. Ta ji sanyi a ranta. Amma ranar da aka duba cikin ɓerayen, malamar ta so ta gaya mata sakamakon da baki kawai don ta rage mata ɗaci. Matar ta ƙi, ta ce a nuna mata. Aka ajiye mata tumbi biyu a faranti. Na wanda bai sha ba, gyambonsa bai wuce ƙwayar gero ba. Na wanda ya sha ya yi jajir, ya zaizaye, jini ya kwanta a ciki. Matar ta duba su da kyau. Malamar ta ce mata ɓera ba mutum ba ne, da sauran bincike kafin a yanke hukunci. Ta amsa, "Ku ci gaba da naku. Ni wannan ya ishe ni."

Da ta koma ƙauye ba ta ko sauke mayafi ba, ta shiga gida-gida tana karɓe garin da ta bai wa masu ciwon ciki. Wasu suka ce ta tozarta kakarta a kabari. Wani dattijo ya rantse ba zai bayar da nasa ba, ta tsaya a ƙofar zaurensa rana na dukanta, tana ba shi labarin farantin nan, har ya shiga ya ɗauko ya miƙa mata. Na miki ta ci gaba da bayarwa. Wanda ya zo mata riƙe da ciki kuwa, sai ta sa takalmi ta raka shi asibiti da kanta.

Shekara ashirin tana kan abin da aka faɗa mata, wuni ɗaya ya raba ta da shi. Shi ya sa Hausawa ke cewa, gani ya kori ji.