Fiffiken Fanka da Hular Mai Liƙin Roba

Tun da aka shimfiɗa ƙasa ba a taɓa cin zalin bawan Allah kamar yadda aka ci zalin wani mai liƙin roba ba, in ji shi da bakinsa. Gyara zama ka ji. Mutumin nan mai ji da kansa ne, kuma ba a banza ba. In aka kawo masa fasasshen marfin kula ko kofin injin markaɗe, ba ya sa ƙarfe a wuta sai ya yanki ɗan ɓalli ya ƙona ya sansana. Wata roba warin kyandir take yi tana ɗiga, wata kuwa baƙin hayaƙi take tayarwa mai yaji a hanci. Kowace da irinta ake liƙe ta, in ba haka ba ta kama yau ta saki gobe. Har kirari yake wa hancinsa, wai alƙalin robobi. To, ana gobe sunan jikansa, fiffiken fankar zaurensa ya tsage, wata shuɗiyar fankar tsaye da ragarta ta daɗe da cirewa. Yana waige-waige sai ya hangi bokitin uwargida, shuɗi sak, kamar uwa ɗaya ta haife su. Ya ce ai ido ma ma'aikaci ne, yau hanci ya huta. Ya faki idonta ya yanko bakin bokiti, ya narka, ya shafe tsagar sumul.

Ranar suna zaure ya cika, aka kawo wuta. Gogan naka ya karkata sabuwar hularsa, ya murɗa fanka har ƙarshe, ya ce duk wanda ya gano inda aka liƙe a ba shi ƙafar rago. Bai rufe baki ba fiffike ya ɓalle, ya yi sama da hular, ya dire ta tsamo-tsamo cikin miyar taushe. Wayyo, ina wuta ya jefa duniya! Wai masu ƙera fanka sun daina tsoron Allah, wutar ma da gangan aka turo ta da ƙarfi, maƙiya sun yi masa baki, kuma wallahi maganar nan sai ta kai gaban mai unguwa. Ana cikin ba shi haƙuri sai ga uwargida a bakin ƙofa, riƙe da bokiti mai giɓi. Ta ce, “Malam, wannan ma maƙiyan ne suka gutsura?” Surukinsa, cikin ladabi, ya miƙo ashana. Ba yadda ya iya, ya ƙona ɓallin bokiti: kyandir. Ya ƙona na fanka: baƙin hayaƙi har da atishawa. Ya dubi jama'a, ya dubi kwanon miya, dariya ta ƙwace masa. Ya ce, “A janye ƙara. Na kama mai laifi, ga hularsa can tana jiƙa.” Zaure ya kece, uwargida ta ɗauke ƙafar rago tunda ita ta gano liƙi.

Washegari ya sansano irin robar a jikin wata tsohuwar rediyo, baƙa ƙirin, ya liƙe fiffiken da ita. Muni kam ba a magana, amma har yanzu fankar tana juyi. Dama Hausawa sun faɗa: kama da wane ba ta wane.