Gawar Reimar Ta Ba da Shaida

An shimfiɗe Reimar a kan katako a tsakiyar coci, ƙirjinsa a buɗe, inda wuƙa ta shiga ya bushe ya yi baƙi. Ba don ubansa ba, da tuni an binne shi.

Uban nasa, Malam Godeke, shi ya koya wa rabin mazan garin karatu kafin tsufa ya zaunar da shi. Alƙali Arnd kansa ya sha bulalarsa. Tun ranar da aka tsinci gawar a bayan rumbun gishiri, kullum tsohon yana ƙofar alƙali kafin a buɗe ta.

"Malam, gawa ta fara wari," in ji alƙalin. "Ka bar yaron nan ya huta."

"Zai huta in an rataye wanda ya kashe shi. Doka ta ce kowane namiji ya taɓa ciwon, in makashin ne jini zai zubo. Ko ita ma sai na sake koya maka?"

Alƙali ya gaji da shi, ya sa aka kaɗa ƙararrawa.

Masunta, maƙera da 'yan dakon gishiri suka yi layi. Kowa ya cire takalmi, ya ɗora yatsu a kan ciwon, ya rantse, ya wuce. Malam Godeke ya ja kujera dab da gawar, ya sunkuya, ya kafa ido kamar mai duba rubutun ɗalibi.

"Klawes," ya ce wa wani masunci, "iska ka shafa. Dawo ka taɓa da kyau."

Dangin mamaci ba a gwada su. Tideman, ɗan da ya rage wa tsohon, yana can bakin ƙofa yana tsare masu neman sulalewa. Ko wankan gawar bai halarta ba, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, mata suna ta tausaya masa.

Rana ta karkata, layi ya ƙare, ciwo bai ko jiƙe ba. Jama'a suka fara gunaguni, kifi na lalacewa a jirage, ga yunwa, ga wari.

Sai dogarai suka shigo da wani baƙo, mai gyaran tukwane daga ƙetaren teku, wanda aka ce an taɓa ganinsa kusa da rumbun. Ba ya jin harshen garin. Da ya ga gawa, ya ga idanun mutane, sai ya dunƙule hannuwansa ya cusa a hammata.

"Tideman!" in ji tsohon. "Zo ka kama hannunsa ka ɗora."

"Baba, ga dogarai nan."

"Dogarai ne 'yan'uwan Reimar ko kai? Zo nan na ce."

Tideman ya taho kamar mai tafiya cikin taɓo. Ya riƙe baƙon ta can wajen gwiwar hannu, yana turawa daga nesa. Baƙon ya turje, ya fizge, suka sarƙe, ƙafa ta zame, su biyu suka rufta kan katakon.

Jini ya fito, baƙi, mai kauri, ya gangara ta haƙarƙari.

Coci ya kaure da ihu. Alƙali ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a rataye mutumin kafin faɗuwar rana.

Malam Godeke ya miƙe a hankali.

"Arnd, ɗana, a sake shi."

"Me ka ce, Malam?"

"Gawa ta kumbura. An danne ta, dole ta fitar da abin da ke ciki. Wannan ba shaida ba ce."

"Kai ka hana gari sakat a kan dokar nan, yanzu kuma ba shaida ba ce? In ka san wani daban, ga jama'a, faɗi sunansa."

Tsohon ya buɗe baki, ya rufe. Ya koma kujerarsa ya zauna.

Aka rataye baƙon a ƙofar gari yana ta magiya da harshen da ba mai ji. Ba wanda ya ko tambayi sunansa, kuma ba wanda ya ji kunyar haka. Washegari aka binne Reimar, kowa ya koma kan kifinsa.

Mutane suka ce baƙin ciki ne ya taɓa hankalin Malam Godeke. Bai sake zuwa ƙofar alƙali ba, bai sake gyara wa kowa magana ba. Tideman ne ke ciyar da shi, yana ba shi romo a baki, yana ɗaga shi, yana kwantar da shi, har ya mutu.

A ranar, duk cikin cocin nan tsohon ne kaɗai ya zauna kusa yadda zai gani: hannun baƙon yana sama a dunƙule, bai kai ga gawar ba, tafin Tideman ne ya sauka a kan ciwon.