Hon Uku a Ƙofar Yaya

Kai da kake ce mini kana gaida mutanenka kullum, gyara zama ka ji wannan. Na yi shekara talatin ina tuƙa tuwo a tashar manyan motoci, na san direba tun daga tarinsa. Akwai wani direban tirela da ke ɗaukar tumatir daga Arewa zuwa Kudu, ya juyo da manja da goro. Mutumin kirki ne, ba ya shaye-shaye, ba ya wuce ɗan'uwa a lalace a hanya. Yana da yaya mace wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, gidanta kuwa a bakin babban titi yake, a wani ƙauye da yake ratsawa sau biyu a mako. To shi tumatir ba ya jiran kowa. Ka tsaya awa ɗaya cikin rana, kwandunan ƙasa sun fara tsiyaya. Sai ya ƙirƙiro wa kansa gaisuwa: tun daga gadar shiga gari zai danna hon sau uku, biyu gajeru ɗaya dogo. Ita kuma ta saki abin da take yi, ta fito gindin darbejiyar ƙofar gida ta ɗaga hannu. In yana tafe da tsaraba, ya wurgo mata ta taga, ledar goro ko sandar sabulu. Daga nan ya taka mota zuciyarsa fes, yana cewa Yaya lafiya lau, ai na gan ta a tsaye. A rumfata ma yakan yi alfahari da haka, wai duk direbobin layin nan babu mai zumuncinsa. Ni dai nakan zuba masa miya in ce, wanda ka gani ta gilashi kana gudu, zanen jikinsa ka gani.

Haka aka kwashe shekara huɗu bai sa ƙafa a zauren gidan nan ba. Sallah ta same shi a Kudu, suna ya same shi a layin lodi. Ana nan sai mota ta banke wa mutanen garin shanu, suka fusata suka zuba tuddai a kan titi, manya-manya har guda bakwai, dole kowace mota ta bi su da rarrafe. Ranar da ya fara tarar da su ya yi ta tsaki. Ya danna hon ɗinsa, ya sauke giya, motar tana tafiyar hawainiya, sai ga Yaya ta fito. A karon farko ya sami sukunin kallonta da kyau. Hannunta na hagu yana bin wata igiya da aka ɗaure daga ƙyauren gida zuwa jikin darbejiya, tana ja tana taka ƙasa a hankali. Da ta kai bishiyar ta ɗaga hannun dama tana murmushi, amma fuskarta na kallon gada, inda ƙarar ta fara fitowa, alhali shi yana gabanta, taku goma bai cika ba. Ya gangara gefen titi ya kashe mota, da tumatir da komai. Ya tsallaka ya tsaya dab da ita, ba ta sauke hannu ba sai da ya ce, “Yaya.” Ta shafa fuskarsa ta ce, “Auta? Kai ne a ƙasa? Motar ce ta lalace?” Ya ce, “Tun yaushe?” Ta ce, “Damina biyu. Kar ka yi mini kuka a titi, ƙaton banza, mutane na kallo.” Ashe yanar ido ce ta rufe mata gani. Ita ta sa aka ɗaura igiyar, ta kuma hana kowa gaya masa, wai kada ya tsaya kayan mutane su ruɓe a dalilinta.

Ranar a gidan gaba na motar ya zaunar da ita, ya naɗe mata bargonsa a baya saboda girgiza, tana ta mita wai kujerar warin gas take yi. Ya kai ta asibitin ido a birni. Kwando nawa ya ruɓe ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Likita ya duba ya ce idon dama za a cire yanar ta gani, na hagu kuwa an makara, wani ciwon ya shiga ƙarƙashi ya cinye shi, da an zo bara da an cece shi. Da aka yi aikin aka kwance mata bandeji, abin da ta fara gani ƙaninta ne, ta ce, “Wannan furfurar fa, yaushe ka yi ta ban sani ba?” Tun daga nan, komai nauyin lodi, sai ya faka a ƙauyen nan ya shiga ya zauna a tabarma, ya sha fura ko da ludayi biyu ne, ta ƙare masa kallo da idonta ɗaya ta ce ya rame.

Ba ƙin ta ya yi ba, ka ji ni da kyau, sonta yake yi kamar ransa, kuma duk da son nasa idonta ɗaya ya tafi. Saboda haka ka sauko ka shiga gida ka zauna, ka ga abin da ba a faɗa maka. Hausawa sun gama magana da suka ce, zumunta a ƙafa take.